Keken Baba Arzika

Tun kafin mu kai bakin iyaka ƙafafuna suka daina sanin ko feda suke takawa ko iska. Ina gaba da buhun kaya ɗaure a kariya, Baba Arzika na biye da ni, akwatin sifanunsa na kuka a kowane rami. Shi ne maigidana. A rumfarsa na koyi gyaran keke, a garinmu cikin ƙasar Yabo, kuma ko bayan na yi aure ban bar gindinsa ba.

Farkon shekarun dubu biyu ne, lokacin da babura masu araha suka cika ko'ina. Duk wanda ya sayar da ɗan maraƙinsa sai ya sayi babur ya shiga kabu-kabu, keke kuwa a jingine shi bayan rumbu, kaji su riƙa kwana a kansa. Sai mu wuni a rumfa ba wanda ya kawo ko faci. Wani direba ne ya ce mana a Nijar har yanzu keke na da daraja, balle da kaka, in manoma sun sayar da wake. Matar Baba, Inna Tumba, ta ba shi tumakinta ya sayar, ya saro tayu da tiyub da sarƙa da boris a Sakkwato. Ni kuma na bar matata Kulu da tsohon ciki.

A wurin mai shayi na bakin iyaka wani mutum ya zauna kusa da mu. Farin kaftani ne a jikinsa, tsaf da shi, yana tauna asuwaki. Ya ce sunansa Ɗan Jimma, mutumin Konni ne.

"Sannunku da tahiya. Mi kunka ɗauko haka?"

Baba ya faɗa masa.

Ya girgiza kai. "In kunka biya gaban duwan da wanga buhu, sai dai ku ji labarinai. Ku ba ni, akwai masu bi muna da kaya ta daji. Gobe da hantsi ku iske shi gidana."

Ban so ba. Na taɓa Baba da gwiwa, bai kula ni ba. Ya tambayi mutumin sunan mahaifinsa da unguwarsu, hira ta kai su ga wani mahauci ɗan Yabo da dukansu suka sani, shi ke nan magana ta ƙare. Muka ƙetare da kariya ba komai. Ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya buɗe akwatin sifanu, ya leƙa, ya rufe, ya yi mana hannu mu wuce. Ko inda za mu bai tambaya ba.

Ɗan Jimma ya sauke mu a zaurensa, ya sa aka kawo tuwo da miyar kuka. Da hantsi buhu ya iso. Baba ya shafa ɗinkin, ya kwance baki, ya zaro kwalin tiyub, ya zaro taya, duk lafiya. Ya yi ta godiya, har ya gyara masa keken gidansa kyauta. Ni ma na ji kunyar zargin da na yi.

Konni ba ta karɓe mu ba. Abin da muka gudo shi muka tarar, kabu-kabu har sun fi na gida yawa, masu gyaran keke kuwa kowane gindin bedi, wato dogon yaro, da nasa. Hausa muke yi, Hausa suke yi, amma da ka buɗe baki sai ka ji an ce, "Ɗan Najeriya na." Ba zagi ba ne, sai dai yana tuna maka cewa inuwar da ka zauna ba taka ba ce. Bayan ranar kasuwa wani tsohon mai faci ya ba mu shawara mu nufi gabas, Malbaza, inda ma'aikata ke zuwa aiki a kan keke.

Kwaltar siririya ce. In babbar motar albasa ta taho sai ka sauka gefe, ka bar mata duniya, ka hau kuma. Haka muka yi ta hawa da sauka har muka hango bututun masana'antar siminti, wadda mutanen garin ke kira luzin.

A Malbaza muka ɗan sha iska. Muka kafa gindin wata bedi a kan hanyar da ma'aikata ke bi. Tun da sassafe suke fitowa daga ƙauyuka, jere, kwanon abinci ɗaure a kariya, da yamma kuma su fito fari fat, su da kekunan. Garin siminti ba abin da ya bari. Yana shiga sarƙa, yana shiga boris, ya haɗu da mai ya zama kamar kunun yashi. Wannan ya ba mu aiki safe da yamma. Tsakar rana sai mu zauna muna kallon kwalta. Kwana kuwa a barandar wani masallaci, kekuna ɗaure da ƙafafunmu.

A can muka san Isufu, wani ƙaƙƙarfa mai lodin buhuna. Tun daga nesa ake jin kekensa. Ran da ya fara tsayawa wurinmu, Baba ya shafa sarƙar ya murza yatsa.

"Wa ka zuba ma wagga sarƙa mai?"

"Ni na. Kullum sai na zuba mata baƙin mai."

"Kullum kana zuba mai bisa dauɗa. Kai in za ka shafa mai, ba wanka kaka fara yi ba?"

Isufu ya yi dariya har da buga cinya. Baba ya cire sarƙar, ya jiƙa ta cikin kananzir, ya goge ta da tsohon buroshi har ƙarfen ya fito, ya shanya, sannan ya ɗiga mata mai kaɗan kaɗan, ya share na sama da tsumma. Ya nuna masa yadda zai matsa taya da babban yatsa kowace safiya kafin ya hau. Tun daga ranar Isufu bai wuce mu ba sai ya tsaya, wani lokaci da ƙosai a takarda.

A gindin bedin nan na lura idon Baba ya ja baya fiye da yadda nake zato. In yana ɗaure wili ba ya duban rim, sai ya kafa babban yatsa yana juyawa yana saurare. In boris ya faɗi cikin yashi, da tafin hannu yake lalube. Sai in tsince in ajiye kusa da shi kamar ban gani ba. 

Wata Lahadi Isufu ya ce mu raka shi ƙauyensu mu ga mahaifiyarsa. Muka bar kwalta muka bi 'yar hanya tsakanin gonaki. An gama yankan gero, dammuna jingine ko'ina, ana jin ƙamshin sabon hatsi da ɗan sanyin safiyar kaka. Ba buhu, ba akwati, keke ya zama kamar ba nawa ba saboda rashin nauyi. Mutane na ɗaga mana hannu daga gonakin wake. Wata mata ta tsayar da mu ta ba mu tumu mai zafi, muka riƙa murzawa muna ci muna tafe. Da muka zo wata gangara Baba ya saki birki, ya wuce mu, rigarsa ta cika da iska, hularsa ta tashi ta faɗa cikin kara. Yana dariya, muna dariya. A duk tafiyar nan, ranar kaɗai na ji dariyarsa.

Tsohuwar Isufu ta dama mana furar sabon gero. Ina sha sai wata mai ciki ta wuce da tulu a ka, tana dafe da ƙugu. Na ajiye ludayin, Kulu ta faɗo mini a rai. Na riga na ba wani direba saƙo zuwa gida, amma ban san ko ya kai ba, kuma ba ta inda amsa za ta same ni. A kan hanyar dawowa Baba ya matso da kekensa kusa da nawa ya ce, "Mata na haihuwa ko miji na nan ko ba shi nan, Tunau. Allah na wurin." Na ce haka ne.

Damuwarmu ita ce ma'aikata faci kawai suke so. Faci a kan faci, sai ƙarshen wata mutum ɗaya ko biyu su sayi sabon tiyub. Kayan da ke saman buhu kaɗai suka tafi. Isufu ya ce mu gwada Dogarawa ranar kasuwa, manoma sun fara sayar da wake, su sabo suke saye.

Gaskiyarsa. Tun hantsi aka yi mana caa. Na zazzage buhun a kan tabarma, ina gefe ina fama da wani wili da ya karkace, Baba na cire tiyub daga kwali yana sa wa mutane, wasu kuma suna saye su tafi da shi gida. Har na fara tunanin zanen da zan saya wa Kulu.

Rana ta take tsaka sai ga wani manomi yana janye da keke, tayar baya a kwance, buhun wakensa ya fashe ta gefe yana zuba. Bai yi sallama ba. Ya zaro tiyub ya jefa a gaban Baba.

"Wanga shi na sabo? Ko bakin gari ban kai ba."

Kafin Baba ya ɗauka, wani ma ya iso da nasa. Sai wani. Na ɗauki ɗaya na ja, ya tsage a hannuna kamar busasshen ganye. Tsohon ajiya ne da ya sha rana ya mutu, an shafe shi da hoda an mayar cikin kwalinmu. Na warware takardar wata taya, duk gefenta ya yi tsaga. Sarƙoƙin tsofaffi ne da aka jiƙa da mai. Ɗan Jimma ya bar mana na kirki a sama, ya kwashe sauran.

Mutane suka kewaye mu. Na ji ana cewa ai halinsu ne, na ji ana cewa a kira jandarma. Wani ya hankaɗe ni, na faɗa kan akwati. Sarkin kasuwa ya ratso, wani dattijo mai sanda, ya ce kowa ya ja baya a ji ta bakin tsoho.

Baba bai yi rantsuwa ba. Ya ce a ba shi wuri. Ya zauna ya riƙa buɗe kwalayen da suka rage a gaban kowa, yana jan kowane tiyub da hannunsa har ya tsage, yana ajiyewa gefe.  Da ya gama ya ce, "Ni aka fara cuta, amma da hannuna na sa muku. Wanda duk yas saya ya zo ya amshi abinai." Aka zo, muka mayar wa kowa. Manomin nan ya ce shi ba wannan ne damuwarsa ba, da me zai kai wakensa gida? Baba ya tashi ya kifar da nasa keken, ya cire tayar bayansa da tiyub ɗinta, masu kyau, ya sa wa mutumin. Ni na durƙusa na taya shi tsince waken daga ƙasa.

Da kasuwa ta watse muka rage mu biyu da tulin mataccen roba. Wata mai tuwo da ke kwashe tukwanenta ta turo mana kwano, ba ta ko tsaya karɓar godiya ba.

Na ce, "Baba, mu koma Konni mu kama mutumin nan."

"Da wace shaida? Mu munka ba shi da hannunmu, don a kauce ma duwan. Gaban wa za ka faɗi haka?"

"To mu tahi gida."

Ya daɗe yana duban robar. "In ce ma Tumba mi? Ga tumakinki nan?"

Muka koma Malbaza, amma labari ya riga mu, direbobi sun kai shi. Isufu ya zo ya zauna tare da mu, ya yi ta faɗa wa abokan aikinsa yadda abin yake. Wasu suka yarda. Mafi yawa sai su wuce mu suna kallon gaba, ko da tayarsu na neman iska. Baba ya ce mu yi arewa, wajen Illelar Nijar, inda ba a san mu ba, mu yi aikin hannu har mu haɗa abin komawa. Isufu ya ce hanyar ba ta tsoho ba ce. Baba ya ce ya ji. Da za mu tafi Isufu ya ɗaura mini ƙullin gari da ƙuli-ƙuli a kariya, ya raka mu har bayan gari.

Daga Gidan Iddar ƙasa ta sauya. Duwatsu baƙaƙe, hawa da gangara, iska kullum a fuska. Baba ya sa ɗaya daga cikin matattun tayun nan a bayansa, da wani tsohon tiyub da muka tsinta. In mun bar kwalta don shiga ƙauye neman aiki, tsidau na jiranmu. Mu tsaya, mu kifar da keke, mu cire, mu nemi huji da yawu saboda ruwan bidonmu, 'yar jarkar da muke tafe da ita, na sha ne, mu kankare, mu shafa sholisho, mu jira ya sha iska, mu manna, mu buga famfo. Kafin gumi ya bushe a sake. Da sholisho ya ƙare sai muka cusa tsumma da busasshiyar ciyawa cikin tayar. Keken ya riƙa tafiya yana ɗingishi, kowane juyi sai ya girgiza Baba har haƙori.

A ƙauyuka ana samun ɗan aiki, birki ko feda, a biya mu da gero ko kwanon fura. Ba ya tara komai. Muna ci ne don mu iya taka feda zuwa gari na gaba.

Zazzaɓi ya kama Baba kafin Badagishiri. Na gani a yadda yake neman rana da safe yana makyarkyata. Ya ce gajiya ce. Muka sayi ƙwayoyi wurin mai tebur, ya sha, ya ce ya ji sauƙi. Na roƙe shi mu kwana biyu a garin, ya ƙi, wai kada kasuwar Illela ta wuce mu. Muka bar kwalta muka kama jar hanya zuwa yamma.

Wajen azahar na daina jin kukan akwatin a bayana. Na waiga. Yana kwance gefen hanya, keken a kansa, wilin gaba na juyawa. Jikinsa kamar garwashi. Na kira shi, ya buɗe ido, ya kira ni da sunan ƙaninsa da ya daɗe da rasuwa.

Can cikin wata gona da aka girbe na hango bukkar tabarmi da awaki suna cin kara. Na ruga. Wani Buzu ne da matarsa, sunansa Agali, dogo, rawani ya rufe masa baki da hanci. Muka ɗauko Baba zuwa inuwa. Matar ta jiƙa zane ta shimfiɗa masa a ƙirji, ta riƙa ɗura masa nono da ludayi, rabi na shiga rabi na zuba. Agali ya ce da Hausarsa mai nauyi, jakunansa sun tafi kasuwa da ɗan'uwansa, sai gobe, mota kuma ba kullum take bi nan ba.

"Wanga ba ya jiran gobe. Kai shi likita, Illela. Bar keke guda nan."

Muka zaunar da Baba a kariyata, amma ba ya iya riƙe kansa, sai ya sulale. Igiyar da nake da ita ta roba ce, za ta yanke shi. Agali ya dubi igiyar, ya dubi Baba. Sai ya juya mana baya, ya warware rawaninsa, ya kare bakinsa da hannun riga. Na san abin da buɗe fuska yake a wurinsu, balle gaban baƙo. Ya naɗe ni da Baba tare, ta ƙarƙashin hammata, ya ƙulle a ƙirjina, ya tura mu har keken ya kama tafiya.

Ban san tsawon hanyar nan ba, kuma ban taɓa tambaya ba. Inda ƙasa ke da tauri in taka, inda yashi ne in sa ƙafafu ƙasa in riƙa ja kamar jaki, don ba halin sauka. Kansa na kan kafaɗata, zafinsa na ratsa rigata. Wani lokaci ya yi ta magana da mutanen da ba sa nan. Can sai na ji muryarsa ta dawo daidai, a hankali, kusa da kunnena.

"Tunau."

"Na'am, Baba."

"Hob ɗinka na baya na kuka. Boris guda ya fashe."

"In mun isa sai in duba."

"Kak ka bari shi ci kwano."

Na ce to. Hawaye na zuba, ba hannun sharewa.

Muka shiga Illela rana ta yi ja. Mutane suka nuna mini likita, wato asibitin garin, wasu suka biyo ni suka taya ni kwance shi. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya sa masa ƙarin ruwa da allurai. Ya ja ni gefe ya ce zazzaɓin ya hau kai, an makara, amma za su yi abin da za su iya. Na faɗa masa abin da ke aljihuna bai taka kara ya karya ba. Ya ce in je in zauna kusa da tsohona, a yi wannan maganar daga baya. Ba a sake yin ta ba.

Kwanakin da muka yi a wurin, matan da ke jinyar nasu ne suka ciyar da ni. Duk wadda aka kawo wa kwano sai ta ɗebo ta miƙo. Da rana in fita bakin ƙofa in gyara kekunan masu zuwa dubiya, in dawo. Wata safiya Baba ya farka sarai, ya gane ni, ya ce yana son fura. Na samo. Ya kurɓa ya ce ta yi tsami. Ya tambaye ni wane gari ne nan, na faɗa masa. Ya ce, "Ashe mun iso." Ya koma barci. Kafin hantsi ya cika.

Ban san kowa ba a garin, amma ban ɗauki gawarsa ni kaɗai ba. Majo ya aika wa limamin unguwa. Wani ɗan kasuwa da ban taɓa gani ba ya kawo likkafani. Ƙasar maƙabartar dutse ce, masu haƙa suka yi ta karɓa-karɓa da diga har suka jiƙe. Sahun da aka yi masa ya fi wanda zai samu a garinmu ranar da ba kasuwa. Bayan an rufe, liman ya riƙe hannuna ya ce, "Baƙo na Allah na. Ka faɗa ma iyalinai mun yi mai abin da za mu yi ma namu." Ba wanda ya ce mini ɗan Najeriya ranar.

Na wanke rawanin na mayar wa Agali. Ya ga ni kaɗai, ya zauna ƙasa, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo da harshensu. Keken Baba na cikin bukka, an lulluɓe shi da tabarma, an goge shi, an shafe sarƙar da man shanu har tururuwa sun samu. Na ce ya riƙe keken, ba ni da abin da zan saka masa da shi. Ya ce a'a, na marayu ne da matarsa, in kai musu.

Wanda bai taɓa tuƙa keke biyu ba, ba zai gane ba. Hannun hagu na riƙe da naka, na dama na riƙe da wuyan ɗayan, shi kuma yana da nasa ra'ayin. In ka shiga rami ya ja ka, in mota ta taho ku rikice ku uku. Birki ɗaya gare ka. Kafaɗata ta yi ciwo har ta daina. A kowane gari sai an tambaye ni, "Na saidawa na?" In ce a'a. A Badagishiri na sayi tsohon tiyub mai rai na sa masa, na zubar da ciyawar, don ban so in kai shi gida yana ɗingishi.

A Konni na tsaya shan ruwa kusa da tasha, sai ga Ɗan Jimma a kan benci da asuwakinsa. Shi ya fara gane ni.

"A'a, mutanen Yabo. Ina tsoho?"

"Ya rasu. Illela."

Ya cire asuwakin. "Allah shi jiƙanai. Mutumin kirki." Ya ce a haɗa mini shayi.

Tun daga Dogarawa nake tanadin abin da zan faɗa masa. Na tsaya ina dubansa, na nemi fushin na rasa inda na ajiye shi. Gajiya ta cinye komai. Na bar shayin a kan tebur na ja kekunana. A bakin iyaka ma'aikacin duwan ya tambayi na wane ne na biyun. Na faɗa masa. Ya dubi akwatin da ke kariya, ya dube ni, ya ɗaga sandar da ta tare hanya.

Na shiga garinmu da azahar, lokacin da kowa ke cikin inuwa. Hanyar gidana ta ƙofar gidan Baba take bi, ba yadda zan kauce. Inna Tumba na bakin zaure tana ɓarar gyaɗa a faifai. Ta ɗago ta gan ni. Ta dubi keken da ke hannun damana, ta dubi hanyar da ke bayana, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ajiye faifan.

"Ina kab baro shi?"

"Illela, Inna. Ta Nijar."

"An yi mai sutura?"

"An yi. Mutane da yawa sunka yi mai salla."

Ta gyaɗa kai. Ban san ta inda zan fara maganar tumaki ba, na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Shigo da shi zaure, kar rana ta ci mai tayu. Sannan ka wuce gida. Kulu ta sauka, ɗiya mace, har an yi suna."

Na jingine nawa a bango, na tura na Baba ciki. Da na zo sakinsa sai hannuna ya ƙi buɗewa, yatsun sun ƙage a kan ƙarfen. Na yi, na yi, abu ya gagara. Sai da Inna Tumba ta taso, ta kama hannun nawa, ta ɓamɓare yatsun da kanta.